Wardin 'Yar Fari

Idan mace ta tambaye ni wane fure za ta dasa a tsakar gida, ƙaramin wardi nake ce mata, irin wanda tsawonsa ba ya wuce kamu ɗaya, furensa kuma bai fi bakin kwalba faɗi ba. Gwangwanin madarar gari ya ishe shi gida. Wadda ba ta taɓa dashe ba, ja nake ce ta fara da shi, don shi ne mai haƙuri, ko an manta da shi yini guda ba ya riƙe mutum a rai. Mai ruwan ɗorawa ya fi shi ƙamshi nesa ba kusa ba, sai dai shagwaɓaɓɓe ne, da ya ji ƙishi sai ya zubar da 'ya'yansa tun ba su buɗe ba. Fari kuwa ba na saurin ce wa kowa ta ɗauka. Rana tana ƙona masa gefe, ƙwari sun fi son sa, sai wadda ke da lokacinsa.

Ni ban zaɓi ko ɗaya ba. A tsakar gidana na tarar da su.

Muna Gummi a lokacin, farkon shekarun tamanin, duk yankinmu yana cikin Jihar Sakkwato. Furannin na 'yata ta fari ne. Yaran yanzu ba lalle su gane ba, amma a zamaninmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. Kunya ce, haka muka tarar. Ana yaye ta Innata ta zo ta goya ta sai Bukkuyum, can ta girma cikin ƙannena, shi ya sa ma take ce mini Adda kamar yadda ta ji suna faɗi. Sai da idon Inna ya yi rauni aka dawo mini da ita, ta ƙarasa firamare a wurinmu. Ni kuma “ke” nake ce mata, ko “waccan”.

Ƙannenta kan haye cinyata, su ja mini ɗankwali, ita tana bakin ƙofa tana kallo. Ina ganinta ta gefen ido. Wata rana ina cikin madafa na ji tana ce wa faccalata, matar ƙanen maigidana da muke gida ɗaya: “Inna ƙarama, Adda ko kallona ba ta yi.” Faccalata ta yi dariya ta ce haka duniya take. Ni dai muciya na ci gaba da juyawa, amma maganar ta zauna mini a rai.

Akwai wata malamarsu, Kirista ce daga wajen Jos, tana zaune a gidajen malamai bayan makaranta. Barandarta cike take da gwangwanaye. Ita ta ba yarinyar farin da farko, daga baya ta ƙara mata ja da mai ruwan ɗorawa. Yarinyar ta jera su jikin katanga ta kewaye da ƙaya saboda awaki, kullum da safe tana tsugune a gabansu kamar mai gaida sarki.

Da ta ci jarrabawa aka kai ta makarantar kwana a Sakkwato. Zangon farko lokacin sanyi ne, furannin ba su wahalar da kowa ba. Da za ta koma zangon da zai ratsa bazara, akwatinta na bakin zaure, sai ta je wurin faccalata.

“Inna ƙarama, don Allah ki riƙa zuba musu ruwa.”

“Ni? Ga ɗiya, ga awaki, ga surhe? Wai mi aka yi da hurenga ne? Ba miya, ba magani. Da zogale kinka dasa da na gane.”

Yarinyar ta ce, “To, in sun mutu sun mutu.”

Ina zaune nan kusa ina tankaɗe. Ba ta ko waiwayo ni ba, don a ganinta abin da ya dame ta ba zai dame ni ba. A ranar na ƙudura cewa ko rijiyar garin nan za ta ƙafe, ba za ta dawo ta tarar da busassun itace ba.

Sai dai yaya uwa za ta yi hidimar kayan 'yar fari ba a gani ba? Kashegari na ce gwangwanayen sun tare mini hanya, na kwashe su na kai gindin randa, ƙarƙashin dogon yaro, inda hantsi ke taɓawa amma zafin azahar ba ya sauka. Na ɗora su kan duwatsu saboda gara. Sannan na mai da wurin alwalata can. Kowa ya san ruwan alwala dole ya zuba wani wuri.

Faccalata ba ta da wauta. Ba a jima ba ta fara. “Yaya, wanga watan alwala ba ta zama miki ne? Na ga ko walaha ba ta wuce ki.”

“Zafi ne,” na ce.

“I mana, zahi. Har butar taki ta san hanyar gwangwani.”

Abu ɗaya ke damuna. Ba sa girma. A idonmu na manoma, shukar da ta kwana biyu ba ta miƙe ba ta tsumbure ke nan, wani abu ke cinta. Maigidana shinkafa yake nomawa a fadama. Wata rana ya tsaya ya daɗe yana dubansu ya ce, “Waɗannan yunwa suke ji.” Ya wuce abinsa. Bayan 'yan kwanaki na ga ganyen farin ya ƙone daga baki, yana murɗewa yana zuba. Na tona ƙasar da yatsa, sai ga fararen ƙwayoyin takin zamani, irin wanda yake watsa wa shinkafa, cike da hannu guda a ɗan gwangwanin nan.

Da ya shigo na ajiye masa tuwo, na ce a hankali, “Malam, taki ya yi ƙafa ya shigo gida.”

Bai ɗago ba. “A aljihuna ya rage. Ban so ya lalace ba.”

Daga nan na gane mu biyu ne ɓarayin. Shi ma ba ya faɗin sunanta, shi ma ya ji abin da ta ce ranar tafiya. Sai na ƙara masa miya.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da la'asar, a nan firamaren ake yi mana. Na ɗauki gwangwanin farin na rufe da mayafi kamar mai kai tuwon biki, ana tashi na zagaya gidan malamar. Ta karɓa ta duba, ta kama baki.

“Mama, wa ya yi wannan aiki?”

“Cewa aka yi ya tsumbure.”

Ta yi dariya har da dafa bango. “Bai tsumbure ba! Haka Allah ya yi shi. Ko ya shekara goma ba zai wuce gwiwanki ba. Wannan ba dawa ba ne, Mama.”

Ta zazzage ƙasar duka, ta wanke saiwar a hankali, ta haɗa sabuwar ƙasa da yashin gulbi da busasshen kashin shanu wanda ya kwana biyu. Sannan ta ɗauko almakashi. Na ce a'a, ta bar masa ɗan abin da ya rage. Ta ce in ba a yanke ba ƙarfinsa zai ƙare wurin rassan da suka riga suka mutu. Na kau da kai ta yanke. Abin da ya rage 'yan tsinkaye ne uku, ko asawaki ba su kai ba.

“Ai na san gwangwanin nan,” in ji ta. “Na wane ne?”

“Na wata yarinya ce a gidanmu.”

“Wata yarinya! Mama, ba ke kin haife shi ba?” Hausarta haka take, mace da namiji duk “shi” ne. “A garinmu uwa yana kiran ɗan farinsa tun safe har maƙwabta su gaji.”

Na ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ta girgiza kai, amma ba ta matsa mini ba. Ta dai koya mini abin da ya kamata: ruwa da sassafe da bayan la'asar, ban da ruwan sabulu, in riƙa yayyafa wa bayan ganye don ƙananan ƙwarin zafi can suke ɓuya, furen da ya bushe kuma in cire shi don wani ya fito.

Bazarar wannan shekarar ta yi tsanani. Rijiyarmu ta ja baya, sai an daɗe ana jira guga ya kawo rabi, wani lokaci sai an aika gulbi inda ake tona yashi. A irin wannan lokaci ba ka zuba wa fure ruwa a gaban mutane ba tare da an dube ka ba. Nakan rage wanda zan sha a moɗa in tsiyaye musu. Da rana ta take in jingina tsohuwar tabarma ta tare musu iska mai zafi. Jan bai fasa fure ba, ko a jikinsa. Mai ruwan ɗorawa ya zubar da 'ya'yansa kaf, ya bar ganye kawai. Farin kuwa yana nan tsinke, ba ya gaba ba ya baya. Idan ba kowa a tsakar gida sai in ɗan kankare bawonsa da farce. Muddin na ga kore a ciki, hankalina ya kwanta har gobe.

Wata Bafillatana da ke kawo mana nono ta tarar da ni a tsugune ina wannan kankarar. Ta tambayi na wa ne, na ce na waccan ne da ke makaranta. Nan take ta gane, su da suka fi mu wannan kunyar. Zuwanta na gaba sai ga busasshen kashin shanu ƙulle a ganye, ta ajiye gindin randa ta ci gaba da aunon nononta.

Ana gab da faɗuwar ruwa, wata safiya na ga wani ɗan jan abu a jikin tsinke ɗaya, bai fi ƙwayar gero ba. Na zaci ƙwaro ne, na kai hannu zan cire, Allah ya sa na duba da kyau. Toho ne. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado ina yi wa Allah godiya.

Ranar da aka ba su hutu muna tsakar gida ni da faccalata muna tsince shinkafa. Yarinyar ta yi sallama ta shigo, ta ƙara tsawo, ta rame. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce, “Kin dawo? Akwai hura a ƙwarya.” Idonta ya tafi jikin katanga inda ta bar su, ta ga wayam sai ƙaya. Ta ɗauka sun mutu. Ta ajiye akwati ta nufi randa shan ruwa.

Muka ji moɗa ta faɗi.

Jan na ɗauke da furanni sun fi a ƙirga da ido ɗaya, mai ruwan ɗorawa ya fara sabbin 'ya'ya, farin kuma ya yi ganye kore shar, da fure guda ɗaya tak da ya soma buɗewa. Ta dawo da gudu ta rungume faccalata.

“Inna ƙarama, Allah shi saka miki!”

“Ke, sake ni, kak ki zubar min da shinkahwa. Ni ko tohi ban yi musu ba. Tambayi masu alwala goma a yini.”

“Ruwa ne ke zuba wurin,” na ce, ina kallon faifaina.

Yarinyar ta koma ta tsuguna ta daɗe tana duban farin, ta shafa inda almakashi ya yanka, ta taɓa sabuwar ƙasar, ta dubi duwatsun da tabarmar. Sannan ta taso ta tsaya a kaina, abin da ba ta saba ba.

“Adda, cikin ukun nan wanne kinka hi so?”

Na san ba a tambayar uwa irin wannan a kan 'ya'yanta. Amma a kan fure ta tambaye ni, kuma farin nan shi ya riga sauran shigowa gidan. Na ce, “Na fari.”

A boko, yadda aka koya mana a aji, fari da fari duk rubutu ɗaya ne. A baki kuwa ba ɗaya ba ne. Na launi a gajarce ake faɗinsa, na ɗan fari sai an ja shi. Ni kuwa na ja shi.

Faccalata, wadda ba a taɓa kayar da magana a gabanta ta bar ta a ƙasa ba, ta dube ni ta dubi yarinyar, sai ta ɗaga murya ta ce, “Gaskiyarki, Yaya, harin ya hi tsabta.” Ta kwashi faifanta ta ce bari ta duba wuta, alhali ba a hura ba.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta zauna a tabarmata, ta jawo faifaina ya zama tsakaninmu, ta fara tsince tsakuwa tare da ni. Gwiwarta na taɓa tawa, ban janye ba, har muka gama shinkafar.