Maƙala Ɗaya, Mujalla Biyu

A gidansu Anti Mai Ƙwari ake ce mata, ƙannenta ne suka laƙaba mata don tsokana. Shekara shida ke nan tana digirin dakta a kan ƙwarin da ke cinye wake a ma'ajiya. Da safe tana koyar da kimiyya a sakandare, ana tashi ta kama hanyar jami'a, ta shige wani ɗan ɗakin gwaji mai fanka ɗaya, inda kwalabe ɗari da ashirin ke jere a kan tebur. Ta zazzage wake a faranti, ta ƙirga hudar da ƙwari suka yi, ta rubuta. Mace mai 'ya'ya uku, wallahi a wannan ƙirgar idonta ya lalace har ta koma sa tabarau.

Kundinta ya kammala tuni. Dokar sashensu ce ta tsare ta: ba a ba ɗalibi ranar kare kundi sai ya buga maƙala a mujallar da jami'a ta amince da ita. Wa'adin karatun kuma shekara bakwai ne, yana cika a soke sunan mutum. Ta tura maƙalarta, wata tara shiru kamar an shuka dusa. Kullum ta buɗe shafin mujallar, maganar ɗaya ce, ana dubawa.

Yayanta mai shagon kayan gini ne ya same ta a falo ta zuba tagumi, ta gaya masa damuwarta.

Ya ce, "Ke dai boko ya cinye miki wayo. Wa ke ba dillali ɗaya kayansa ya zauna jira? Tura wa wata mujallar mana, duk wadda ta riga, ita ta ɗauka."

Ta ce, "Yaya, ba a yin haka, an hana."

"Wa zai sani? Duniyar nan da faɗi, ƙanwata."

Ta san laifi ne babba a aikinsu, har hannu ake sawa cewa ba a kai maƙalar ko'ina ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta canza take ta tura, ba ta gaya wa Farfesan da ke duba aikinta ba.

Abin da Yaya bai sani ba, ita kuma tsoro ya mantar da ita, shi ne masu nazarin ƙwarin wake ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Mujalla ta biyu ta nemi masanin da zai tantance maƙalar, sai ta faɗa kan mutumin da ta farkon ta ba wa. Kaico!

Saura wata biyu wa'adi ya cika Farfesa ya kira ta ofis. Ko kujera bai nuna mata ba.

Ya ce, "Duka biyun sun yi watsi da maƙalarki, kuma shekara biyu ba za su karɓi komai daga gare ki ba. Me ya kai ki?"

Da ƙyar ta ce, "Farfesa, ko za a nema mini ƙarin lokaci?"

"Da wace fuska? Wasiƙar da suka aiko har teburin shugaban sashe ta je."

Ta dafa bango, ta san magana ta ƙare. Shi kuwa takaici bai bar shi ya yi shiru ba. Ya jawo takardar, ya gyara tabarau, ya karanta mata abin da masanin ya rubuta wa mujallar farko: ya riga ya gama dubawa, aiki ne mai kyau da aka yi shi da haƙuri, ya yanke a buga bayan an gyara jadawali biyu. Yana shirin aika rahoton ke nan maƙalar ta sake shigo masa daga ta biyun.

Ta ɗauki jakarta.

"Haba Farfesa," ta ce. "Da ba ka karanta mini wannan ba."