Mai Wankin da Ya Dafa Sabulu

Mijin yayata mai wanki ne, kuma ban taɓa ganin taurin kai irin nasa ba. Ya tsufa cikin tururi, har gashinsa ya ɗauki launin kumfa, amma a wurinsa ruwan da bai tafasa ba bai isa wanki ba.

Da asibitin da yake yi wa wankin zannuwa ya kawo sabon garin sabulu, sai ya juye shi cikin tafasasshen ruwa. Tabon jini ya zauna daram.

'Yarsa, mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ta ce, "Baba, akwai enzayim a ciki, irin wanda ke narkar da abinci a cikinka. Shi ke yayyanka jinin har ya saki zane. Ɗumi kawai yake so. In ka tafasa shi, ya dahu kamar ƙwai, ya gama aiki."

"Ke tafi can! Tun kina goye nake wanki."

Ya ƙara wuta. Asibiti ya kwashe zannuwansa ya kai wa wani. Yanzu yayata ke ciyar da gidan, shi kuwa yana ƙofa yana tsine wa sabulu, ko gaisuwar 'yar tasa ba ya amsawa.