Ƙyauren da Kawu Ya Bari a Zaurenmu

Igiya nake sayarwa a bakin hanyar da ta nufi boda a Jibiya, igiya da buhuna da robar ɗaure kaya. Duk mai ƙaura sai ya tsaya wurina, don kaya ba sa zama a kan mashin da fatan alheri. Ni kuma Allah ya yi ni da shegen tambaya. Mutum na ciniki ina tambayarsa ina za shi, me ya kore shi. Matata ta ce wata rana sai wani ya kwaɗe ni da igiyar tawa.

Amsoshin ba sa ƙarewa. Wani ruwa ne ya ƙi a gonarsa can arewa, ya gangaro neman aikin ƙodago. Wani daga ƙauyukanmu ne, 'yan bindiga sun hana shi noma, ya nufi wajen Maraɗi. Wata aure ya ɗauke ta. Akwai wani dogo da ya ce shi haka kawai, garinsu ne ya ishe shi. Har kan benci ɗaya na ga mai gudowa daga can da mai gudu zuwa can, kowa na yi wa ɗan'uwansa kallon mahaukaci.

Abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne ƙyaure. Wasu za ka ga sun ɗoro ƙyauren ɗakinsu a saman kaya, wasu kuwa babu. Wata tsohuwa da ta tsaya sayen buhu ta ce in daina abu kamar baƙo: wanda ya bar ƙyaurensa a jikin ɗaki zai dawo, wanda ya ciro shi ya ƙetare da shi ya tafi ke nan.

Ba a jima ba abin ya zo gidanmu. Kawuna, ƙanin Innata, ya taso da iyalinsa daga wani ƙauye bayan Bugaje, bayan an kwashe masu shanu an kuma hana su zuwa gona. Ya kwana uku wurinmu, ya ce zai ƙetara wajen dangin matarsa kafin abubuwa su lafa. Ƙyaurensa kuwa, na katako mai fuskar kwano, ya ciro shi, amma bai ƙetare da shi ba. Ya jingine shi a zaurenmu. Na tambaye shi wane iri ne shi ke nan, mai dawowa ko mai tafiya. Ya ce in kama harkar igiyata.

Inna a gidana take zaune, ta tsufa, idonta ya fara rauni. Su biyu suka rage a ɗakinsu, ita da wannan autan. Ba ta ɓoye abin da take so ba: ƙaninta ya dawo kusa kafin ta cika. Sai ta mai da ƙyauren nan kamar jinya. Kullum da safe ta lallaɓa zaure ta shafa bayansa ko gara ta hau, ta sa a ɗora shi kan duwatsu. Ni kuwa sau nawa ina buga ƙafa da shi in zan fito da mashin. Ran nan haushi ya kama ni, na ce wallahi zan sayar wa kafinta. Ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

A wannan zaman ne ta gaya mani abin da ban taɓa sani ba. Ashe mahaifinsu ma daga can tsallaken ya zo, shekarar wata yunwa, da jaki ɗaya da ƙyaure a kansa. Na ce to ai Kawu gida ya koma. Ta ce in rufe mata baki.

Kawu yakan shigo ranar kasuwa in hanya ta yi daɗi. Ya gaida Inna, ya ci tuwo, ya ba mu labarin jandarma, 'yan sandan can, da takardar da suke nema, da gonar aro da surukansa suka ba shi. Bakinsa har ya fara juyawa, litar fetur ta koma isansi. Zai shiga ya fita ta zauren nan bai ko kalli ƙyauren ba, ni kuma ina lura, don abin na ba ni mamaki.

Bayan damina biyu ya zo da ɗan kabu-kabu, wato mai haya da mashin, ya tsaya shagona ya ce in auno masa igiya mai ƙwari. Ban tambayi ta mece ce ba. Karon farko ke nan da tambaya ta maƙale mani a wuya. Muka taho gida tare, a hanya yake ce mani ya gina ɗaki can, ginin ƙasa, an yi rufi, saura ƙofa. Na ce ya auna ƙofar kuwa? Ya ce tun da aka sa tubalin farko ya bar ta daidai faɗin ƙyaurensa, ai ya san shi kamar tafin hannunsa. Wato wata da watanni yana cin tuwonmu ya riga ya yanke shawara. Raina ya ɓaci, na gaya masa ya ɓaci.

Inna ta ji ƙarar kwano muna ɗagawa, ta fito tana dafa bango. Ba ta yi faɗa ba. Ya durƙusa ya yi mata bayani: tsohon ƙauyensu ba kowa, yara sun shiga makaranta can, geron bana ya yi kyau. Ta saurara har ya gama.

"Auta, ran da na mutu, za ka iso kafin a kai ni?"

Ya ce ai akwai waya, ni zan kira shi nan take.

"Ba waya na tambaye ka ba."

Ɗan kabu-kabu ya kashe mashin ɗinsa. Ni kaina na so Kawu ya yi mata ƙarya, wallahi na so.

"In hanya na buɗe, Yaya," ya ce.

Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce mani in ɗaure shi da kyau, in sa tsumma a gefen don kada igiya ta ci katakon. Na ɗaure, na yi ƙulli uku inda ɗaya ya isa. Ta tsaya a ƙofar gida tana sauraron mashin ɗin, don idonta ba ya kai wa bakin layi.