Ta rufe wayar da mayafinta

Ɗazu a motar Gwarzo zuwa Kabo, na kusa da ni ya zaro waya yana nuna mana hoton mutanen da 'yan bindiga suka kashe. Wata jarida ce ta buga, ko ƙyalle ba a rufa musu ba.

Wata dattijuwa ta leƙo, sai ta ja bakin mayafinta ta rufe wayar.

Ya ce, "Inna, ai don duniya ta gani ne."

Ta ce, "Mai hoton ba shi da rigar da zai rufa musu? Ni ma a waya na fara ganin gawar ɗana."



Jama'a, in naku ne a kwance, haka za ku so duniya ta gan shi?