Kawu Tanko a Cikin Huhun Goro

Ku da kuka zauna a unguwar Sabo ta Ibadan tun gidajenmu ba su da yawa, kun san Kawu Tanko da takalminsa a hammata. Ja ne, tun daga Kano ya zo da shi, amma ba ya sa shi sai ya iso bakin masallaci. Sai ya zura, ya yi taku biyu, ya tuɓe kamar kowa. In an yi magana ya ce, “Ƙafa in ta fashe warkewa take da kanta. Takalmi kuwa sai an biya baduku.”

Wan mahaifiyata ne, ɗan dako, kuma shi ne mai baki a jam'iyyarmu ta gayya, mu da ke share kwata, mu haƙa kabari, mu saukar da baƙo. Wata Juma'a muka taru a zauren Malam Ɗanjuma, dillalin goron da nake wa aiki, saboda mai lorin da ke kai mu kasuwar Ojoo ya mai da kuɗin mota sisi daga taro. Ni abin ya fi shafa. Kurkunu ya fito mini a ƙafa, aikina na ɗaurin huhun goro a Ojoo yake, Malam kuwa ya ce in na ƙara fashi zai ba wani. Ga mata da goyo a ɗaki. Wallahi hankalina a tashe yake.

Aka ce kowa ya kawo shawara. Kawu ya miƙe.

“Jama'a, Ibadan ba tudu da gangare ba ce? Na lura, in lori ta zo gangare direba kashe ta yake, ta tafi da kanta. To mu biya kuɗin tudu. Gangare na Allah ne!”

Aka tura shi ya faɗa wa direba, wani Bayarabe, Lasisi, mai haƙurin gaske. Lasisi ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Na yarda, Baba. Amma tunda ba ku biya gangare ba, ni ma ba zan taka burki ba.” Kawu ya dawo ya ce a bar wannan shawara, akwai gyara a cikinta.

Juma'a ta gaba ya zo da sabuwa, yana ta murmushi.

“Nawa ake ɗaukar mutum?”

“Sisi.”

“Huhun goro fa?”

“Taro.”

“To me ya hana mu zama goro?”

Zaure ya kaure da dariya, amma shi ko gezau. Ya ce shi zai fara gwadawa, in ta yi kyau a ɗaure ni. Kash, ni da hannuna na naɗe dattijon nan cikin ganye da buhu, na bar masa kafar numfashi! Mutum huɗu suka ɗora shi a lori.

Abin da Kawu ya manta shi ne, Lasisi mutum ne mai kula da kayan mutane. Da rana ta yi zafi ya tsaya a bakin rafi, ya ɗebo ruwa yana yayyafa wa goro don kada ya bushe. Da ya zo kan babban huhun sai ya juye masa rabin tulu. Huhu ya yi atishawa, ya kuma ce alhamdu lillahi.

Lasisi ya yar da tulu, ya kira sunan Allah da Yarabanci. “Olorun! Wane ne?”

“Goro ne. Ja motarka.”

“Oya, maza, goro, sauko!”

Haka Kawu ya dawo Sabo a ƙasa, jiƙe sharkaf, ganye manne a gemu, yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi cewa rabin hanya dai kyauta ya sha.

Dariyar ba ta kai mini ciki ba, don washegari in ban je aiki ba Malam zai ba wani. Da safe sai na ji ƙarar tayoyi a ƙofa. Kawu ne da amalanken aro.

“Hau, ragon banza.”

“Haba Kawu, da girmanka?”

“Ka hau, ko in ɗaure ka yadda ka ɗaure ni!”

Mako uku yana tura ni Ojoo, ya dawo da ni. Matan kasuwa na tafa hannu suna ce mini ango, shi kuwa yana haki yana cewa in daina cin tuwo da yawa. Ran da kurkunun ya gama fita na miƙa masa ɗan abin shan fura, ya harare ni ya ce, “Lori ka mai da ni?”

Sai bayan rasuwarsa matarsa Gwaggo Ladi ta gaya mini cewa a makonnin nan bai ɗauki dakon kowa ba, koko kawai suke sha safe da yamma, kuma ya hana ta faɗa. Na yi kuka ran nan fiye da ran jana'iza.

Allah ya jiƙan Kawu Tanko, ya yafe masa kurakuransa. Allah ya ƙetarar da shi Siraɗi cikin sauƙi, kyauta, yadda yake so. Amin.