Malam Su-Wa ya tafi ya bar tambayarsa

Ranar Talata, tara ga wannan wata, da hantsi, babbar 'yarka ta kira ni a waya ta ce, "Baba, abokinka ya cika." Na daɗe zaune da wayar a cinyata. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Sai dai na zaci ni zan riga ka, don na girme ka, na kuma fi ka ciwo.

Mawaƙi ne kai, malami kuma, amma garin nan bai san ka da wani suna ba sai Malam Su-Wa. Muna samari muka fara koyarwa a makaranta guda, ni lissafi, kai harshe, bango ɗaya tsakanin azuzuwanmu. Ta cikin bangon nake jin ka. Da ɗalibi ya ce, "Ai su haka suke," ko "Su ne suka fara," sai ka ajiye alli ka ce, "Su wa?" Ba ka sakinsa sai ya ambaci mutum. Sau da yawa sai a ga bai san ko ɗaya ba, ko kuwa wanda ya sani shi ne mai gyara wa mahaifinsa keke.

Na taɓa tsokanarka a ɗakin malamai, na ce kalma ƙarama haka ta hana ka shan shayi. Ka ce, "Kai dai Mai Lissafi, ba ka iya rabi ba? Su rabin kalma ce. Ƙarasa ta, ka ce suna." Haka waƙoƙinka suke, cike da masu ɗinki da direbobi da ungozoma na kowane ɓangare, kowa da sana'arsa da irin dariyarsa. Wasu sun ce ka sayar da mutanenka. An fasa maka gilashin taga, ka liƙe da kwali, washegari ka shiga aji.

Shekarar da rikici ya ci ɗana, tilon da Allah Ya ba ni, ka zo ka same ni a wannan ɗakin ina ta cewa, "Sun kashe shi, sun kashe shi." Ka zauna a bakin gado, ka riƙe hannuna, ba ka yi tambayar ba. Ranar kaɗai na san ka haɗiye ta. Ban taɓa yi maka godiya a kan wannan ba. Bayan rasuwar matata kuma, da idona ya raunana, kai kake zuwa ka karanta mini jarida, kana tsallake labaran da ka san za su hana ni barci. Na gane kana tsallakewa. Yanzu kujerar da kake zama a kai tana nan, ba mai ja ta.

Abin da ke damuna shi ne garin ya fara komawa irin maganar da. A wurin zaman makokinka ma, a falonka, wani mutum mai furfura da ka koyar ya ce, "Malam ya yi ƙoƙari, amma su ba sa son zaman lafiya." Na buɗe baki in tsaya maka, tari ya sarƙe ni, muryar ta ƙi fita. Na ce a raina, shi ke nan, an binne tambayar tare da kai. Sai 'yarka, tana tsaye a bakin ƙofa da tiren kofuna, ta ce a hankali, "Yaya, su wa?" Ya sunkuyar da kai. Ban sani ba ko murya ɗaya za ta ishi gari guda. Amma na ji ta da kunnena.

Allah Ya ji ƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya ba ka zaman lafiyar da ka nema wa wasu. Ga matarka da 'ya'yanka da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu da muka rage, Ya sa mu cika da imani. In an tambaye ni su wa suka rage, aboki, ba ni da sunayen da zan kira da yawa.