Gabashin gonar Dogo

Duk wanda ya san Buwai a ƙauyukan arewacin Ungogo ya san mutum ne da ba ya iya zama. Ko a coci yake, jikinsa na kan benci amma ƙafarsa na rawa, kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Da damina noma yake yi, da rani gyaran injin ban-ruwa, kuma ko injin lafiya lau yake sai ya kwance shi ya ga abin da ke ciki. Matarsa Roda ta daɗe da daina cewa ya zauna ya ci abinci, a tsaye yake cin tuwonsa.

Abu ɗaya ke tsayar da shi, labari. Wani abokin aikinsa ya tura masa wani gajere a waya, murya ce ke karantawa, na wani mai walda da ya haɗa na'ura da batirin mota ya koma zamanin da ubansa ke saurayi. Buwai ya saurare shi har ya hardace. A bakin rijiya ya ba da shi, a wurin mai shayi ya ba da shi, har mutane suka fara sauya hanya in sun hango shi tafe da waya a hannu.

Ra'ayinsa kuwa kullum ɗaya ne. Labarin ya yi daɗi, wanda ya tsara shi ya san ƙarfe, don bai yi ƙarya a kan batiri ba. Amma mai waldan sakarai ne.

"Mutum ya je har gaban ubansa, ya tsaya bayan bishiya yana leƙe," in ji Buwai, "wai kar ya yi magana ya ɓata abin da zai zo. Har batiri ya mutu bai tambaye shi komai ba. To me ya kai shi?"

Masu shayi dariya suke yi, don ba su san abin da ke cin sa ba. Gari ya iso su. Inda ake gero shekarun baya yanzu bulo ne da kwano, 'yan awon fili kuma sun fara zagaya gonar gadonsu. Ƙaninsa Levi, wanda suke uba ɗaya, yana so a raba gonar kowa ya san nasa, shi ya sayar ya sayi keke napep. Buwai bai ƙi rabo ba. Matsalar ita ce uwarsa tana cikin gonar nan, kuma bai san inda take ba.

Ta rasu yana goye, tun gidansu na kan addinin kakanni, lokacin da ake binne mutum a gonar gida a rufe da katangar tukwane, shekara ta zagayo a yi shuka a kai. Ubansu Dogo ya shiga coci daga baya, a maƙabartar coci aka sa shi. Dogo mutumin da ne, ba ya kama sunan matarsa ko a raye balle a mace, ɗan fari kuma ba ya tsayawa gaban uba ya yi irin wannan tambaya. Haka suka yi ta noma gefe da gefe, kowa da fartanyarsa, har ƙasa ta rufe wanda ya sani. Yanzu tsoron Buwai shi ne wata rana wani baƙo ya haƙa masai a kan uwarsa.

Roda ce ta gaji da jin zagin mai walda. Tana sussukar dawa ta ce, "Baban Rachael, ka ishe mu da mutumin nan. Kai da kake da Gwaggo Fadima a Ɗambatta da ranta, ka taɓa zuwa ka tambaye ta?"

Gwaggo Fadima ƙanwar Dogo ce. Ta musulunta ta yi aure can, zumunci ya ja baya, sai gaisuwar mutuwa. Washegari Buwai ya hau bas, ya yi ta damun direba da cewa ana ɓata lokaci wurin lodi.

Ya same ta a inuwar rumfa, ta tsufa tukuf, jikarta Tahira na ba ta kunu. Tahira ta raɗa masa cewa hankalinta ya koma baya, ba ta gane mutanen yanzu. Ya durƙusa zai gaishe ta, tsohuwa ta ɗaga ido, fuskarta ta washe.

"Dogo, ka taso daga gona? Ina ka bar jaririn?"

Buwai ya gane ta ɗauka ubansa ne. Ya buɗe baki zai ce shi ne jaririn, sai ya fasa. Ya gyara murya ya ce jariri na barci. Ta yi ta ba shi labarin akuyar da ta ɓata, da ruwan da ya rushe rumbu, tana ambaton mutanen da duk sun mutu kamar yanzu suka fita. Karon farko a rayuwarsa Buwai ya zauna a tabarma ƙafarsa ba ta motsi. Da ya ga ta fara gajiya, ya matso.

"Fadima, ki tuna min. A ina muka sa uwar yaron nan?"

Ta dube shi da mamaki, har da 'yar dariya.

"Ni kake tambaya? Kai fa ka haƙa. Yaushe mata suka fara bin gawa? Ni a bakin danga na tsaya da yaron a bayana. Na ga dai kun yi gabas, har dawa ta rufe ku."

Ya sake tambaya ta wata hanya, ko akwai bishiya, ko kusa da kwari ne. Ta ce yaron na ta kuka, shi ta ji da shi. Daga nan ta koma zancen akuya. Baƙin ciki ya kama Buwai, don shekara da shekaru yana ganin gawa na fita mata na tsayawa a ƙofar gida, amma bai taɓa kawo wannan a ransa ba.

Ranar rabo mai unguwa ya zo da dattawa. Gonar Dogo yammacinta ne a bakin titi, shi 'yan fili ke rububi. Gabas jigawa ce, ko gyaɗa da ƙyar take yi. A matsayinsa na babba aka ce Buwai ya fara zaɓa.

"Gabas," ya ce. "Daga tsamiyar tsakiyar gona har iyaka, duka."

Levi ya jawo shi gefe. "Yaya, ba wanda zai sayi wajen nan fa. Kar a ce na cuce ka."

"Ba na sayarwa ba ne."

Da ruwan farko ya sauka, Buwai bai kira mai garmar shanu ba. Da fartanya ya bi jigawar nan, kunya bayan kunya, yana sara sama-sama. Roda ta kawo masa fura ta tarar ya cire takalmansa ya ajiye a bakin iyaka.